Madubin Mai Gyaran Agogo

Dusar ƙanƙara ta toshe tagar ɗakin ƙasa.
Thunder Bay ta yi tsit, tafki ya daskare har gindin rumbunan alkama.
Ni Veikko, da na shekara arba'in ina buɗe cikin agogo,
yau ga ni tsugune gaban tukwane huɗu,
huɗun da doka ta yarje wa gida ɗaya,
ina duban tohon wiwi
kamar mai karanta wasiƙar da ruwa ya taɓa.

Ganyen ƙasa lafiya lau, yatsu bakwai a miƙe.
Na sama ne ya ƙi.
Ya fito a murɗe, ya dunƙule baki,
gefensa ya naɗe kamar kunnen da aka ja,
yana sheƙi, ba sheƙin lafiya ba,
sai ka ce an shafe shi da man girki.

Fitila na fara tuhuma.
Na sa bayan hannu daidai kan toho, na ƙirga talatin:
ɗumi ne, ba ƙuna ba.
Duk da haka na ɗaga ta taƙi guda,
na juya fanka ta kalli bango.
Kwana uku, shiru kake ji.

Na koma kan ruwa.
'Yar takardar gwaji ta rine daidai inda ake so.
Na ɗaga tukunya na auna nauyinta a tafi,
na tona ƙasa da yatsa, na shinshina, saiwa fara sol.
Réjean maƙwabcina ya leƙo, ya ce taki ne ya gaza,
ya bar mini kwalba. Na zuba.
Toho ya ƙara murɗewa,
kamar mai danne dariya.

Agogo bai taɓa yi mini haka ba.
In ya tsaya, akwai ƙura a wani haƙori,
ka nemo ta, ka hure, ya ci gaba da tafiya.

Aila ce ta sauko.
Matakala goma sha biyu, kowace da nata nishin.
Ita ake yi wa noman nan,
don man da nake shafa mata da dare
a yatsun da sanyin ƙashi ya karkace.
Ta buɗe su da ƙyar, ga madubina na aiki a ciki.
Ta ce, ka baro idonka a aljihun tebur.

Na maƙala shi a ido, na kifa ganye.
Ashe gari ne guda a ƙasan ganyen.
Ƙwai jere, kowanne da ɗigo-ɗigon fari,
da masu su, ƙwarin da ƙwayar gishiri ta fi su girma,
suna tafiya a natse, suna tsotsa,
sun zaɓi mafi taushi, wanda bai gama zama ganye ba.

Daga ina?
Idona ya faɗa kan tukunyar fure a kusurwa,
wadda Aila ta ɗauko ranar da aka binne Sirkka,
ta ajiye a gefen fitilata don kada ita ma ta tafi.
Tohonta a murɗe.
Aila ta gani. Na ga ta gani.
Babu wanda ya ce uffan.

Ban jefar da furen ba.
Na kai shi sama, tagar kicin, shi kaɗai.
Na datse abin datsewa, na ƙulle a leda,
na wanke ganye ɗaya bayan ɗaya, ciki da bai,
na wanke almakashi, na wanke hannu har gwiwa.

Réjean ya ce, yaushe za su miƙe?
Na ce, wanda ya murɗe ya murɗe ke nan.
Ba shi ake tambaya ba,
na bayansa ake jira.

Ran kwana tara, da asuba,
wani ɗan kore ya leƙo, bai kai farce ba,
a miƙe kamar allurar daƙiƙa.
Ban yi ihu ba, tana barci.
Na hau sama, na zauna a bakin gado,
na ɗauki hannunta yadda yake.