Wutar da ke Ɗaga Kwando

Shekara talatin da ɗaya ina walda a Kakuri.
Na san wuta, ita ma ta san ni,
ga sa hannunta nan a bayan hannuna.
Da na ajiye aiki sai na sayi tsohuwar bas,
na cire kujeru, na kafa gado,
risho a kusurwa, randa ɗaure da igiya,
labule kuwa zanen da Tasallah ta daina ɗaurawa ne.
Maƙwabta suka ce Malam Ɗayyabu ya koma kunkuru.
Na ce to, kun taɓa jin ana bin kunkuru kuɗin haya?

Ran Talata muka fita ta Kujama,
rediyo na tari, kofuna na gardama a cikin kwali.
Gab da Kachia taya ta yi faci.
Muka kwana a gefen gonar citta,
ƙamshinta na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa.

Da asuba ina alwala da ruwan jarka
sai na ji huci a sama.
Huuu. Shiru. Huuu.
Na san muryar nan kamar ta ƙanena.
Gas ne, wallahi gas ne.
Na ɗaga kai, buta na tsiyaya a ƙafata.

Su uku ne, balan-balan, kowane ya haɗiye rumbu goma,
suna tasowa daga bayan dutse, ba mai korarsu.
Ɗaya ja da ruwan ɗorawa,
ɗaya shuɗi, kamar yanzu aka tsamo shi daga marina,
na ukun faci-faci, bargon mai ƙaramin ƙarfi.
Ƙarƙashin kowane akwai kwando,
cikin kwandon mutane,
tsit, kamar tumatir za a kai kasuwa.

Tasallah ta fito da carbi.
Ba ta ce subhanallahi ba sai da ta gama lissafi:
"Wannan yadi nawa ya ci?"

Ni wutar nake kallo.
Duk tsawon raina na sa ta haɗa ƙarfe da ƙarfe,
ta riƙe ƙyaure, ta dasa turke,
ta hana abu motsi.
Ban taɓa tambayarta ko tana iya ɗagawa ba.

"Ina sitiyarinsu?"
Na ce babu, iska ce direba.
Ta dube ni, ta dubi gidanmu a kan jak da ƙafa uku.
"Mu da muke da shi, ina muka kai?"

Biyu suka wuce, suka zama ɗigo.
Mai facin ya yi ƙasa-ƙasa,
ya shafi kan ɗorawa, ya ja kunya huɗu, ya kwanta,
numfashinsa na fita a hankali kamar sa ya gaji da huɗa.
Mai gonar, Shekari, ya sheƙo da fartanya
yana kiran sunan kowace saiwa.
Wata yarinya ta fito daga kwandon tana cire safar hannu.
Ita ce mai wutar.
Motar da ke binsu ta ɓace, waya ba sabis.
Waɗanda suka kwana kusa da gajimare
suka tsaya a bakin titi suna tambayar kunkuru hanya.

Aka biya Shekari har ya yi dariya.
Tasallah ta wanke cittar da kwando ya tone,
ta jefa a shayi, kofi biyu ya zaga mutum shida.

Yanzu ina tuƙi a giya ta biyu.
An naɗe abin nan duka ya shige jaka ɗaya,
yana kwance a kan gadonmu.
Da muka tsaya shingen Kajuru na miƙa hannu baya na taɓa.
Har yanzu da ɗumi.