Cefanen Dattijo

Cima ta tafi Dakar karatun likitan dabbobi,
ta bar mini akwatin gilashi da ƙwan lantarki a kansa,
da wani ƙadangare mai gemu, launin yashi,
wai kakanninsa daga bayan teku suke.
Ta manna rabin takarda a jikin ƙofa.
Ta ce, Baba, sunansa Dattijo.

Shekara talatin da ɗaya ina jan tirela,
Damagaram zuwa Agadas, Agadas zuwa Arlit,
ban taɓa juya ganye na duba bayansa ba.
Yau ga ni a Kasuwar Dole da hantsi,
tabarau a karan hanci,
tsugune gaban tiren Magaram kamar mai cinikin zinariya.

Salati? Takarda ta ce ruwa ne ya sa koriyar riga,
ciki ya cika, ƙashi ya kwana da yunwa.
Albasa, ko kusa.
Alayyahu sai jefi-jefi.
Yakuwa tsami ya yi mata yawa.
Shu kaɗan, ran da aka rasa wani.
Magaram ta ce, Alhaji, wa ke kwance a gidan?
Na ce baƙo ne.
Ta ce baƙon nan ya fi mai jego zaɓe.

Zogale na dala goma, ɗanye, na lambun Mirya,
ta rantse feshi bai taɓa shi ba.
Lansir ƙulli ɗaya.
Yankin kabewa mai jan ciki.
Kuɓewa biyu, 'yan ƙanana, na ranar Juma'a.

A gida in wanke sau uku,
a garin da famfo ke zuwa tsakar dare in ya ga dama.
Sai yanka.
Kada loma ta wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa,
haka ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙasa.
Hannun da ya saba da sitiyari
yana koyon ƙanƙanta abu.
A kan katanga 'yan gari masu jan kai suna leƙe,
suna gyaɗa kai,
su da ba a taɓa yi wa cefane ba.

Kwana huɗu ya ƙi zogale.
Na ɓoye shi ƙarƙashin kabewa,
ya tsince kabewar tas, ya bar mini ganyena,
ya kumbura gemu, gemun ya yi baƙi,
ya dube ni da ido ɗaya kamar ɗan duwan.

Na kira Dakar.
Ta yi dariya har da tari.
Baba, ai haka nake yi wa dambu,
in tsince tsaki in ture ganye,
Inna ta sha fama da ni, ka manta?

Ban manta ba.
Ban sani ba ne.
Ina kan hanya lokacin, wani wuri bayan Tanut,
ina ƙirga tayoyi.

Yau da safe harshen ya fito, ɗan guntu, mai danƙo,
ya ɗauki ganye ɗaya. Ya tsaya. Ya ɗauki na biyu.
Ban motsa ba har shayina ya huce.

Ragowar zogalen na dafa,
na kwaɗa da ƙuliƙuli,
na zauna kusa da gilashin muna ci,
shi nasa ba gishiri, ni ma likita ya rage mini.
Anjima in an sauko daga la'asar zan sake kira.
Ba zancensa zan yi ba.
Zan tambaye ta me take ci a can.