Agogon Mirsad

Da la'asar sakaliya ya shigo rumfata a Anbariyya,
tsoho fari sol, gemu kamar audugar da ba a kaɗe ba.
Ya ajiye agogo kan tebur kamar mai ajiye ƙwai.
Ya ce sunansa Mirsad, daga Bosniya.
Larabcinsa gurgu, nawa mai ɗingishi,
muka dafa juna muka ƙarasa zance.

Na buɗe bayan agogon, tsatsa ta yi mini sallama.
Na kakansa ne, in ji shi, mai dafa gahawa
a bakin wani siririn kogi, dab da gada.
Ran da aka harbe magajin gadon Ostiriya da matarsa
agogon nan na aljihu yana ƙirga daƙiƙu,
bai san abin da yake ƙirgawa ba.

Na ce, wa ya yi harbin?
Ya ce yaro ne, bai cika ashirin ba,
ƙirji duk tari, kai duk karatu,
ciki ba komai sai kishi.
Su samarin cewa suke: harshe guda muke taunawa,
nono guda muka sha tun fil azal,
don me baƙo zai riƙe mana akala?
A tara mu, a ɗaure, mu zama tsintsiya.
Direba ya yi ɓatan kai, mota ta tsaya za ta ja da baya.
Harsashi biyu kacal.

Daga nan zumunci ya fara cin mutane.
Ostiriya ta ɗaga wa Sabiya kulki,
Rasha ta ce ƙanena ne, taɓa shi ka gani,
Jamus ta sha ɗamara, Faransa ta ɗaure takalmi,
Ingila ta kwance jiragenta,
kowa na rantsuwa ba rigimarsa ba ce, kara yake yi.
Masu rabon faɗa duk da wuƙa suka zo.

Na ajiye ɗan sukudirebana.
Na ce, Alhaji, leƙa ta nan.
Ka ga tashar jirgin can mai baƙin dutse,
wadda jirgi ya daina zuwa?
Ta nan harsashinku ya iso Madina.

Tasalla, kakar mahaifina, shekara bakwai ta yi a ƙafa
daga Katagum, ta Wadai, ta Sawakin,
don ta mutu kusa da Rauda.
Da aka kewaye gari, hatsi ya ƙare,
sojan Turkawa suka cusa ta a tarago zuwa Sham
da goyo a baya da ƙullin gero a hannu.
Barmo mijinta ya tafi neman ruwa.
An ce ya rage a nan yana dakan ƙwallon dabino.
An ce. Iyakar abin da muka gada ke nan.
Har ta koma ga Allah ba ta taɓa jin sunan Sabiya ba,
in an tambaye ta sai ta ce shekarar jirgi.

Mirsad ya daɗe yana kallon tashar.
Ya ce tsintsiyar ta ɗauru daga baya,
a idonsa kuma ta kwance,
kowane tsinke ya zama mashi.
Maƙwabcin da ya nuna wa 'yan bindiga gidan ƙanensa
da harshen uwarsu ya yi kwatancen.

Ban ce komai ba.
Na tuna garuruwan da nake ji a rediyo,
inda ake tsayar da mota a tambayi mutum
ya faɗi kalma ɗaya, a ji yadda bakinsa zai karya ta.

Igiyar cikin agogon ta tsinke, irinta ta bar kasuwa.
Na ce ya dawo bayan Juma'a.
Ya ce jirginsu Alhamis.
Na ɗiga masa mai duk da haka, na goge gilashin da gefen rigata.
Ya miƙo riyal ashirin, na mayar masa da hannu,
sai ya zube mini busassun 'ya'yan itace na ƙasarsu,
baƙaƙe, masu tsami-tsami.

Ladan ya ɗaga murya.
Na ja ƙyaure, muka bi sahun jama'a,
yana ta tambayata lokaci.