Direban Motar Makaranta a Brezina

Ƙarfe shida saura kwata nake tada inji,
dusar ƙanƙara ta toshe bakin gareji.
Fitilun garin nan tara ne, na sha ƙirgawa,
ta goma tana kicin ɗin Ludmila Vondra
mai gasa burodin asuba.

Shekara talatin da ɗaya ina bin hanyar nan,
kowane rami na san shi da suna.

Kakannina daga Bohemiya suka zo Nebraska
da akwati ɗaya, da garma, da agogon bango.
Babu itace, babu dutse,
sai suka yanki ƙasa da ciyawarta,
suka jera kamar tubali, suka ce gida ne.
Fara ta sauka, ta ci masara har ƙotar fartanya.
Rabi suka ɗaure kaya.
Rabi suka ce: mun binne yaro a nan,
ina kuma za mu?

Da jirgin ƙasa ya iso, gari ya yi ƙiba:
banki, kantin magani,
maƙera biyu da ba sa ga maciji.
Makarantar jan bulo kuwa da kuɗin ƙwai ta tashi,
wanda mata suka tara a gwangwani.
Ɗalibai ɗari biyu da sha huɗu a zamanin babana.
Ni casa'in na tarar.
Yau kujeru sha ɗaya ne ke ɗumi a bayana.

Ga gonar Pokorny, na daina tsayawa,
'ya'yan suna Omaha, lilo kaɗai ke kaɗawa.
Ga ta Ramirez, uku ke fitowa a guje,
autarsu Itzel kullum da takalmi ɗaya a hannu.
Bara hukuma ta ce in an kasa goma
a sa wa makaranta kwaɗo.
Su ukun nan suka tare ƙofa.

Wani ɗan jarida ya ce garinmu ya mutu.
Bai zo da kaka ba,
ran da Orval Hruska ya karye a ƙugu,
masararsa tsaye, sanyi na tafe.
Ba wanda ya yi shela.
Talata da safe motocin girbi bakwai suka shiga gonar,
kafin rana ta faɗi rumbu ya cika,
Orval na kwance yana ta faɗa
wai an tattake masa shinge.

Daren Juma'a ƙwallon kwando,
'yan wasa biyar, babu na canji,
gari duka a benci,
fada na coci da usur a wuya.
An ci mu da ashirin. Muka ci burodin Ludmila.

A kwanar maƙabarta nakan rage gudu,
ba don na kwance ba, rami ne a wurin.
Itzel ta hura gilashin taga,
ta rubuta sunan garin da yatsa,
harafi ɗaya ya juya mana baya.
Ban gyara mata ba.
Na sa giya ta biyu, muka hau tudu.