Lamba Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Motar asuba na kama daga Ancud,
jirgin fito ya haye da mu mashigin Chacao,
ruwan sama na dukan gilashi kamar mai bin bashi.
A jakata takardu sha tara cikin leda,
da dafaffen dankali biyu, don shari'a ba ta san azahar ba.

A kotun Puerto Montt ba a kira ni Eduvina ba.
Lamba ɗari huɗu da sha biyu, in ji magatakarda.
Na amsa, kamar da ita aka raɗa mini suna.

Ga shi can, Fermín Oyarzún.
Ya rame, kwat ta fi ƙarfin kafaɗarsa.
Shi ne ya zauna a kicin ɗina shekara shida baya,
ya sha shayi, ya yabi tuffar bayan gida,
ya zana kejin kifi a bayan takardar kuɗin wuta:
kina barci kifi na girma, Doña Eduvina,
biyar cikin ɗari duk wata.
Babu keji. Babu kifi.
Teku ce kawai, ita kuwa ba ta sa hannu a komai ba.

Mai gabatar da ƙara ta karanta sunaye har muryarta ta dushe.
Malamin makaranta. Mai ɗinkin raga. Mai sayar da ulu.
Baldomero nawa ba ya ciki,
ya riga sammaci tafiya.
Kwalekwalensa ne ya shiga, har da injin.

Lauyan Fermín ya ce kasuwa ce ta juya baya.
Wani a bayana ya ja tsaki,
alƙali ya ɗaga ido, tsakin ya koma ciki.

Shekara tara, aka ce. Aka tafa.
Ni hannuna na cikin jaka
yana shafa ɗaya takardar,
wadda ta zo ran Talata da hatimin mai rabon dukiya.

Ga abin da ta ce, in an tankaɗe dusar lauyoyi:
wata sha huɗu na farko an biya ni riba,
ribar nan ba kifi ya haife ta ba,
kuɗin waɗanda suka shigo bayana ne.
Sai in mayar.
Da safe ni ke ƙara, da yamma ni ake ƙara,
gini ɗaya, hawa na biyu, ƙofar hagu.

Da kuɗin na sauya kwanon rufi,
na yanki tabarau, na biya wa jikata makarantar jinya.
Wanne zan ɓamɓaro in kai musu?

Waɗanda suka shigo bayana.
Na san ɗaya. Nono ɗaya muka sha.
Ni na kai Clorinda ofishinsa, ina riƙe mata laima,
ina cewa, ke dai ba kya son ci gaba.
Yoyon da ya daina a ɗakina,
ashe da tumakinta ashirin na toshe shi.
Tana layi na huɗu, lamba dubu da tamanin.
Ba ta waiwayo ba.
Ƙeyar nan na san ta tun ina yi mata kitso.

Lissafin ƙarshe: peso bakwai cikin kowane ɗari,
bayan lauyoyi, bayan banki, bayan haraji,
in an sayar da gidansa na bakin tafki,
wanda matarsa ta ce nata ne, ita ma ta shigar da ƙara.
Kura ta cinye, an kama kura,
yanzu ƙashi ake aunawa da ma'aunin zinariya.

Jirgin yamma ya cika da mu, masu lambobi.
Ba mai zancen shari'a, tsadar itace ake yi.
Kujera ɗaya ce tsakanina da Clorinda.
Na ɓare dankalin da ya rage, na raba biyu,
na ajiye rabi a kai.
Har muka hango fitilun Chacao yana nan,
ya bushe a gefe.
Ba ta ɗauka ba,
ba ta kuma ture shi ba.