Layin Gas a Gadarif

Tun kafin ladan ya gyara murya
na fito da ita, ina tura ta da ƙafa,
tukunyar gas ɗin Haja Tambai,
tana gangarawa a kan tsakuwa,
tana ƙugi irin na wanda ya kwana bai ci ba.
Abin da babu komai cikinsa ya fi kowa amo.

A bakin ma'ajiya na tarar da ɗari da sha bakwai.
Ba mutane ba, tukwane.
An zura musu igiya ɗaya ta kunne
kamar awakin da za a kai kasuwa,
kowa ya rubuta sunansa da alli ya tafi sallah.
Na rubuta: Attahiru tela.

Rediyo ya ce an cire tallafi
don a ceci talaka.
Na juya maganar yadda nake juya tsohuwar riga,
ciki waje, waje ciki,
ban ga inda aka haɗa ɗinkin ba.
Wai masu manyan motoci ke shanye rangwamen.
To, gaskiya ne, na gani da idona.
Amma ni keken ɗinki gare ni,
shi ma kwana uku ke nan bai motsa ba.
Mitar wutar da mutanen garin nan ke kira garwashi
takan cinye kuɗin yini kafin la'asar,
jan idonta na ƙifta mini daga bango
kamar mai bi na bashi.

Sun ce za a ba kowane gida kati.
Kati ya zo, da hotona, da hatimi,
har ya fi ni kyau.
Ranar da aka rubuta adadin da ke cikinsa
zai sayi dawa kwano goma.
Ranar da kuɗin suka faɗo wayar ɗana
burodi suka saya, da ƙullin gishiri.
Tsakanin alƙalami da aljihu
farashi ya yi wata huɗu yana gudu,
kuɗin na bin sa suna dogara sanda.

An kafa kwamiti.
An kafe takarda a ƙofar kowane kanti:
sukari kaza, mai kaza, wanda ya ƙara zai gani.
Washegari sukari ya ɓace
kamar mai layar zana.
Sai ta ƙofar baya, bayan isha'i,
da raɗa.

Gadarif ce fa!
Garin riɗi, garin dawa.
Kakana ya yada zango nan a hanyarsa ta Makka,
ya ce damina ɗaya zai yi ya ƙarasa,
baƙar ƙasar nan ta riƙe shi da albarka.
Yau motoci na wuce mu,
an danne su da riɗi sun nufi bakin teku,
Haja Tambai kuwa na auna man riɗi
da murfin kwalba.

Ta koma gawayi.
Gawayi ya ji labari, shi ma ya tashi.
Ta koma kara.
Yanzu kisirarta na ɗanɗanon hayaƙi,
idanunta jawur,
in na tambaya ta ce albasa ce.
Mu biyun mun san yaushe rabonmu da albasa.

Hantsi ya dubi ludayi, mota ba ta zo ba.
Wani saurayi ya fito da takarda a hannu:
jibi, in Allah ya so, kuma da sabon farashi.
Ba wanda ya yi zagi.
Malam Gambo ya kwance igiyar a hankali,
kowa ya sunkuya yana neman sunansa.

Na juyo da ita da ƙafa, kamar ɗazu.
Jikata Ladidi ta tarye ni a bakin lungu,
ta jinjina ta, ta ji,
ta dube ni, ba ta ce komai ba.
Sai ta kwantar da ita,
ta zaro kara biyu daga na girki,
ta fara kiɗa.

Wallahi tana da amo.
Yaran lungu suka fito ɗaya bayan ɗaya.
Daga madafa na ji Haja Tambai ta yi tari,
ta yi dariya,
ta ce a maido mata karanta,
sannan ta ci gaba da tari.