Taga Ta Shida

Ni ne mai buga takardun albashi
a ɗakin ƙasa na ma'aikatar fansho, a Lima,
inda rana ba ta leƙowa, sai takalman masu wucewa.
Ran ashirin da biyar ga wata
sunaye ɗari takwas da sha ɗaya ke bi ta hannuna,
kowanne da lambarsa a gefe
kamar akuya da turkenta.

Na san cikin gidan nan fiye da mai gadi.
Hawa tara ne.
Duk hawa ɗaya, kuɗi ya ƙaru, fata ta washe,
sunan mahaifi ya ƙara tsawo.
Ba wanda ya rubuta wannan doka.
Ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

A taga ta shida Eusebia Ccahuana take zama.
Tsofaffi kan gangaro daga duwatsun Ayacucho,
kwana a mota, takardu ƙulle cikin leda,
ba Sifaniyanci a bakinsu sai na gaisuwa.
Ita ke karɓar Kecuwarsu ta juye wa gwamnati,
ta karɓo ta gwamnati ta tauna musu.
Harshe biyu, albashi ɗaya,
shi ma na mataimakiyar akawu, mataki na biyu,
kwantiragin wata uku-uku
da ake ta sabuntawa shekara goma sha tara.
Na lissafa: sau saba'in da shida ta sa hannu
a kan cewa ita ta wucin gadi ce.

A watan Yuli aka ce za a buga rahoton shekara,
duniya ta ga ma'aikatarmu ta kowa ce.
Mai hoto ya zo da laimarsa ta azurfa.
Aka aiko kiran Eusebia,
wai in da hali ta yafo mayafin mahaifiyarta, mai ja da kore.
Aka kira Nicomedes masinja, baƙin mutumin Chincha,
aka ara masa kwat.
Aka riƙo hannun Zoila, makauniyar da ke haɗa waya,
alhali ta fi mai riƙon sanin hanya.
Ranar suka fara taka hawa na tara,
da kafet ɗinsa mai haɗiye sawu.

Darakta Larrañaga ya ja da baya, ya ce, yau ku ne a gaba.
Minti arba'in ana gyaran murmushi.
A ƙasa kuwa layin taga ta shida ya fita har titi,
ya lanƙwasa wajen mai dafaffiyar masara.

Da wata ya ƙare na duba, don ni ma ina da zuciya.
Sol dubu ɗaya da ɗari huɗu da tamanin.
Ko anini bai motsa ba.
Mai ba da shawara kan daidaito, wanda ya shirya hoton,
dubu goma sha huɗu.
Ni na buga duka biyun.
Injin bai yi gardama ba, ni ma ban yi ba.
Ina da 'ya a jami'a, ga haƙori mai ciwo.

Yanzu hoton na rataye a zaure, ya kai ƙofa girma.
Jiya na hauro da fayil
na tarar da wani tsoho mai takalmin taya a gabansa.
Ya dubi matar da ke tsakiya,
ya juya ya dubi taga ta shida,
sai ya cire hula ya riƙe a ƙirji.
Na rantse ya ɗauka gidan duk nata ne.
Ya faɗi wata magana, ta mayar masa,
dariya ta kama su, ta bi layi har bakin ƙofa.

Da yamma a tashar mota, yayyafi na sauka,
na ce, me kika gaya masa?
Ta gyara jakarta a kafaɗa.
Don Teófilo, ta ce, fassara aiki ce,
ni kuwa na tashi tun ƙarfe biyar.